Littafin aiki: toshe ɓarakar jarrabawa a ajinmu na masu shirin shiga soja, Garwa

Litinin 13 ga Janairu 2025

Baba Ajidan, mai jagorantar ajinmu (ajidan muƙami ne na soja), ya damƙa min aikin jarrabawa gaba ɗaya daga yau, shi ya sa na buɗe wannan littafin don in riƙa rubuta abinda mukai da abinda ya ci kuɗi. Ga wanda bai san mu ba, aji ne na yamma da ƙarshen mako a nan Garwa, muna shirya samari da 'yan mata masu son zana konkur, wato jarrabawar shiga aikin soja da jandarma, wasu ƙalilan masu bak (takardar gama sakandare) kuma burinsu makarantar hafsoshi ta EMIA da ke Yaunde, wadda aka kafa tun 1959. Mu ba gwamnati bane kuma bamu da hannu a konkur na gaskiya, namu gwaji ne kawai da muke yi duk bayan sati biyu ko uku don yaro ya san inda yake. Yara 64 ne a rajista yanzu. Malamai huɗu: na lissafi, Madam mai Faransanci, na Ingilishi, sai Baba da kansa mai ilimin ƙasa da tarihi da motsa jiki.

Matsalar ita ce gwajin Disamba. Yaran da a aji ba sa iya raba 3 cikin 4 sun fito da 16 da 17 bisa 20 a lissafi, wanda kowa ya san shi ne gwanin aji kuma ya tsaya a 13. Baba yace shi a shekarun da ya yi yana koyar da kurata bai taɓa yarda da makin da ya fi yaro ba, kuma duk makarantar horon soja da ta san kanta takardar jarrabawa kamar harsashi ake riƙe ta, ana ƙirgawa a fito da ita ana ƙirgawa a mayar, wanda ya karɓa ya sa hannu. Haka yake so mu yi a nan ko da ajinmu rumfar kwano ce.

Abinda muka tsayar: tambayoyi ba za su ƙara bi ta WhatsApp ba, akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, ambulan mai hatimi, sunan yaro a ɓoye lokacin gyara, da rajistar sa hannu.

Alhamis 16 ga Janairu

Kasuwa. Akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana sefa 12,000, maƙeri ya ƙara masa kunne na biyu 1,500, kwaɗo biyu 5,000, manyan ambulan guda 50 sefa 4,000, rim uku na takarda 10,500, babban littafin rajista 2,000, gam da salatif 1,800. Jimla 36,800. Baba ya bada jaka 30, wato sefa 30,000, sauran daga kuɗin wata na yara.

Mabuɗi ɗaya wajen Baba, ɗaya wajen Madam. Ni da nake bugawa bani da ko ɗaya, kuma ni na nemi hakan.

Asabar 18 ga Janairu

Zama da malamai. Malamin lissafi bai ji daɗi ba ko kaɗan, yace wato shi ake zargi kenan tunda takardarsa ce ta fita. Baba yace masa malam ba wanda ya kira sunanka, tsari ne ake yi don gobe in abu ya faru kai ma ka samu abin kare kanka. Ya ɗan sauko amma dai har aka tashi fuskarsa a murtuke.

Mun yarda kowane malami zai kawo tambayoyinsa da rubutun hannu, ninki biyu na abinda ake buƙata, ranar Alhamis. Baba ne zai zaɓi waɗanda za su fito, saboda haka ko malamin bai san takamaiman wanne zai zo ba. Wannan dabarar Baba yace a makarantun soja tsohuwa ce, malami ya bada shawarar tambaya, ofishin karatu ya zaɓa, wani daban ya buga, wani daban ya yi gadi, wani daban ya gyara, babu mutum ɗaya da ya riƙe igiyar daga farko har ƙarshe. Mu da yake mu biyar ne kacal dole wasu ayyukan su haɗu a hannu ɗaya, amma mun raba iya rabuwa.

Laraba 22 ga Janairu

Na wanke tsohuwar kwamfutar ofis tas, na cire mata duk wata hanyar intanet, na sa mata kalmar sirri sabuwa. Filas ɗin da ake yawo da shi cike yake da wannan cutar mai mayar da fayil gajeriyar hanya, na jefa shi a aljihun tebur na sayi sabo 3,500 wanda ba zai shiga kowace kwamfuta ba sai wannan. Fayil ɗin tambayoyi ina ƙulle shi da 7-Zip, kyauta ne kuma yana da kullewar AES-256, amma dai in kalmar sirrin sunan ɗanka ce da shekarar haihuwarsa to ka yi aikin banza.

Asabar 25 ga Janairu

Gwajin farko da sabon tsari. An buɗe akwati gaban yara, an kira biyu daga cikinsu suka duba ambulan suka tabbatar hatimi bai taɓu ba suka sa hannu. Wayoyi duk a kwali bakin ƙofa. Komai ya tafi lafiya a ido.

Litinin 27 ga Janairu

Ashe ba lafiya ba. Takardar Faransanci ta fita.

Yadda aka gane: Madam tana gyara sai ta ga mutum bakwai sun amsa tambaya ta 6 da amsar da ba ta dace da jimlar da ke kan takarda ba, amma ta dace daram da jimlar da ke bugun farko, wanda aka samu kuskure a ciki aka gyara kafin a yi bugu na biyu. Wato yaran nan sun haddace amsar takardar da ba ita aka raba musu ba. To ina bugun farko ya tafi? Da yake firintarmu ƙarama ce shafi ɗaya kawai nake fitarwa a ofis, sauran sai shagon fotokwafi, ina tsaye a kai har aka gama ranar Juma'a, na ƙirga 70 cif na karɓi asalin. Sai dai injin ya cinye takarda sau da yawa a farko, mai shagon yana zarowa yana cukuikuyewa yana jefawa a kwando, haka bugun farkon da aka ga kuskurensa a nan shagon shima kwando ya nufa. Da yamma yaron shago ya kwashe kwandon ya ba mai ƙosai ta bakin titi kamar yadda ya saba, ita kuma ta naɗe wa wani ɗalibinmu ƙosan sefa 100 a cikin jarrabawarsa ta gobe. Wallahi da yaron ya faɗa mana haka Baba sai da ya juya baya don kar a ga yana dariya. Shi yaron bai saci komai ba, Allah ne ya kawo masa a cewarsa, laifinsa ɗaya da ya ɗauki hoto ya tura wa abokai shida.

Babu wanda ya sayar, babu wanda ya ci amana, akwati da kwaɗo biyu suna nan lafiya lau, takardar ta fita tun kafin ta shiga akwatin. Mun soke makin Faransanci na kowa. Yara bakwai ɗin Baba ya basu zagayen fili da sharar aji na sati, bai kori kowa ba.

Sabuwar doka: duk takardar da ta lalace wajen bugu ana ƙirga ta a rubuta a rajista a ƙone gaban mutum biyu. Kuma maganar shago ta ƙare, dole mu samu injin kanmu. Banda kwando ma, manyan injinan fotokwafi da yawa suna da ma'ajiya a ciki mai riƙe abinda aka buga, mai shago zai iya sake fitarwa bayan ka tafi.

Asabar 1 ga Fabrairu

Neman firinta. Sabuwa ta fi ƙarfinmu. An nuna min wata ta hannu mai leza, baƙi da fari, mai ita ya fara da jaka 90 muka tsaya 68,000 da tawadar da ke ciki. Wani mahaifin ɗaliba ya bada 25,000 gudummawa, Allah ya saka. Baba yace a rubuta a rajista a kuma faɗa masa a fili cewa wannan ba zai ƙara wa 'yarsa ko rabin maki ba, mutumin yace shi dama ba don haka ya bayar ba.

Talata 4 ga Fabrairu

Yau na zauna kan maganar ɓoye suna. Takardar amsa na tsara ta da kusurwa a sama ta dama inda yaro zai rubuta sunansa da lambar teburinsa, sai a naɗe kusurwar a manne da gam, irin dai yadda aka saba a jarrabawar gwamnati. Bayan an tattara ni da Baba mu cakuɗa takardun mu buga wa kowace lamba ta daban wadda ba ta bin jerin rajista. Mai gyara lamba kawai yake gani. Sai an gama gyara an rubuta maki da biro a takardar jimla an sa hannu, sannan a ɓare kusurwa gaban malamai duka.

Ni a ganina wannan ya fi akwatin muhimmanci nesa ba kusa ba. Satar tambaya takan faru jefi jefi, amma alfarma kullum tana nan. Garin nan kowa ɗan uwan kowa ne, ɗalibinka ƙanin matarka ne ko ɗan limamin unguwarku ko ɗan wanda ya taɓa biya maka kuɗin asibiti, kuma malami mutum ne, in ya ga sunan hannunsa zai yi sanyi ko bai yi niyya ba, 9 ta koma 10 da rabi. Idan bai ga suna ba an sauke masa nauyi, in an tare shi a masallaci yace wallahi ban san wacce ce tasa ba kuma gaskiya ya faɗa.

Talata 11 ga Fabrairu

Ranar matasa, babu aji, yaranmu da yawa suna wajen fareti. Na gwada firinta, shafi 200 ba ta cinye ko ɗaya ba.

Asabar 15 ga Fabrairu

Gwaji na biyu, kuma ranar da na fi shan wahala tunda aka fara.

Shawarar da muka yanke ita ce a buga da asuba ranar jarrabawar, don takarda kar ta kwana a duniya. A baki abin yayi kyau. Ƙarfe 5 da rabi ni da Baba muna ofis, na buga lissafi na buga rabin Ingilishi sai wuta ta ɗauke. Mu a arewa wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa kuma rani ya fara, duk wanda ke Garwa ya san yadda ake yi da ita in ruwa ya ja baya. Muka jira har 7 shiru. Aka aro ƙaramin janareto wajen mai walda na maƙwabta, da firinta ta fara ɗumama sai janareton ya shaƙe ya mutu, firintar leza tana jan wuta sosai lokacin da take zafafa abin da ke manne tawada, ba kamar mai tawadar ruwa ba. Aka sake tayarwa ya sake mutuwa. Yara sun cika waje tun 7 da rabi, rana ta fara, wasu daga Fitowa suka zo wasu ma daga Gidar sun kwana wajen 'yan uwa saboda gwajin. Daga ƙarshe Baba yace a fara lissafi tunda shi ya kammala, Ingilishi kuma malamin ya rubuta a allo, Faransanci da ilimin ƙasa aka ɗage zuwa Lahadi. Rubutu a allo ya kawo nasa rikicin, na baya ba sa gani, ana ta tashi ana matsowa, a nan kuwa ba ka iya cewa wane ya leƙa takardar wane.

Fetur 1,700, mai walda 2,000, ga haushi kyauta.

Mun koma bugu ranar Juma'a da yamma ko duk lokacin da wuta ta samu a ranar, a ƙirga, a zuba ambulan, Baba da Madam su sa hannu a kan bakin ambulan ɗin yadda rabin sa hannun yana kan murfi rabi a jiki, a bi da salatif a kai, a kulle. Kwana ɗaya a akwati mai kwaɗo biyu ya fi mana sauƙi da wannan tashin hankalin.

Litinin 17 ga Fabrairu

Ɓoye sunan yana da ƙofa ashe. Malamin Ingilishi ya kawo min takardu uku, ɗaya an zana ƙaramin tauraro a ƙasan shafi, ɗaya an ja layi biyu ƙarƙashin kwanan wata da jan biro, ɗaya kuma ya rubuta malam a taimaka Allah ya taimake ka. Na ukun dai roƙo ne kawai, amma na farko da na biyu alama ce da aka shirya da wani ko ake fatan wani ya gane. Mun sanar: biro shuɗi kawai, duk wata alama ko saƙo ga mai gyara sifili ne a wannan darasin.

Abinda ba mu da maganinsa shi ne rubutun hannu. Madam tace ita yaranta ko a duhu ta san rubutun rabinsu. Abinda za a iya shi ne musanya, akwai wani malamin Faransanci abokin Baba da ba ya koyarwa a wajenmu, ya yarda ya riƙa gyara rubutun insha'i a kan sefa 100 kowace takarda, Madam ta yi gyara na biyu ba tare da ta ga makinsa ba, in bambancin ya wuce maki 3 su zauna tare, in bai wuce ba a raba tsakiya.

Asabar 22 ga Fabrairu

Na shigar da makin gwaji biyu a Excel. Ba wani abu.

Litinin 24 ga Fabrairu

Goggona ta zo gida da daddare, ƙanwar babanmu, ɗanta yana ajinmu kuma Baba yace duk wanda matsakaicin makinsa bai kai 10 ba a gwaje-gwaje ukun ƙarshe ba zai sa shi cikin rukunin da za a yi wa horo na musamman ba. Bayan gaisuwa da zagaye-zagaye tace ɗana ai kai ke buga musu takardar, ƙaninka ne fa, ko kan maganar kawai ka faɗa masa. Nace Goggo wallahi abinda nake bugawa akwati yake shiga, mabuɗi ɗaya na wajen Baba Ajidan ɗaya wajen Madam, kwamfutar ma a ofis take a kulle, kuma takardar lissafi iri biyu za mu yi a gwaji mai zuwa, ban san wadda za ta faɗo teburinsa ba. Tace to makin fa, ai kai ke shigarwa. Nace makin da biro malamai ke rubutawa su sa hannu kafin ya iso ni, in na canza a kwamfuta takardar tana nan za ta ƙaryata ni. Tayi shiru, tace yaran zamani kun iya ɗaure kanku da kanku, ta sha ruwa ta tafi. Ba ta ji daɗi ba amma ba mu ɓata ba, kuma da mabuɗin yana aljihuna da maganar ta kai gaban babanmu.

Na ce yaron ya riƙa zuwa bayan isha'i muna yin lissafin kashi cikin ɗari da na gudu da nisa, nan ne yake faɗuwa.

Asabar 1 ga Maris

Gwaji na uku. An gwada iri biyu, A da B, tambayoyi ɗaya ne amma an juya jerinsu da jerin amsoshin zaɓi, a lissafi kuma an canza lambobi. Teburi ɗaya A na kusa da shi B. Sakamakon ya bani dariya da tausayi, mutum huɗu masu takardar B sun rubuta amsoshin A daidai wa daida, har da hanyar lissafin da lambobin da babu su a takardarsu.

Wahalar iri biyu a wajen gyara take, malamin lissafi ya gyara takardu biyar na B da ma'aunin A kafin ya farga, sai da aka sake. Gaba za mu buga B a takarda mai launi, ko dai a raba tulin biyu tun a zaure.

Talata 4 ga Maris

Azumi ya kama, an mayar da aji safe. Zafi ya fara da gaske.

Lahadi 9 ga Maris

Wannan satin na ɓata shi kan duba tambayoyin kansu, don na lura wani lokacin muna zargin yara alhali tambayar ce gurguwa. Hanyar mai sauƙi ce kuma tsohuwa ce wajen masana awon jarrabawa: ka jera yara daga na sama zuwa na ƙasa, ka ɗebi kashi 27 cikin 100 na sama da kashi 27 na ƙasa, mu wajen mutum 17 kenan kowane ɓangare, sai ka duba kowace tambaya nawa suka ci a sama nawa a ƙasa. Tambaya mai kyau na sama sun fi cinta. In kowa ya ci ba ta auna komai ba, in kowa ya faɗi ko tayi tsauri ko ba a koyar ba. In kuwa na ƙasa suka fi na sama ci to akwai magana, ko amsar da malam ya riƙe ce ba daidai ba, ko tambayar tana da fuska biyu, ko ta fita.

Na samu biyu irin haka. Ɗaya a ilimin ƙasa, an tambayi yawan jihohin Kamaru, amsa 10 ce ba gardama, amma yadda aka rubuta tambayar da tsohuwar kalmar lardi ya sa masu karatun suka tsaya tunanin ko tarko ne tunda an canza sunan tun 2008, marasa karatu kuwa suka rubuta 10 suka wuce. Ta biyun a Ingilishi ce, ma'aunin gyaran ne ke da kuskure, an mayar wa mutum 21 makinsu.

Wani abin da Excel ɗin ke nunawa shi ne masu kuskure iri ɗaya. Mutum biyu su ci tambaya tare ba komai bane, gaskiya ɗaya ce. Amma su faɗi tambaya takwas kuma duk takwas ɗin amsar banza iri ɗaya suka zaɓa, sannan ka duba taswirar zama ka ga ɗaya na bayan ɗaya, to nan ka samu abin tambaya. Baba dai yace wannan ba hujjar hukunci bace, hujjar raba musu wurin zama ce, kuma na yarda da shi.

Asabar 15 ga Maris

Gwaji na huɗu, an kama ɗan haya. Tunda muka fara duba katin ɗan ƙasa ko katin makaranta mai hoto a ƙofa yara ke ƙorafi wai ai an san juna, to yau ga amfaninsa. Wani daga cikin sababbin da suka shigo a Fabrairu, wanda dama ba ya zuwa aji sosai, ya turo yayansa ɗan jami'a ya zauna masa. Suna kama sosai, katin ƙanin ne a hannunsa, ni da na duba ma na wuce shi. Baba ne da yake zagaye ya tsaya kansa yace ɗana ranar Laraba da muka yi gudu wa ya zo na ɗaya, yayi shiru, yace to waye malamin lissafinku, nan ma shiru. Ya tashi da kansa ya fita ba hayaniya.

Abin da ya bani mamaki wai gwaji ne fa, ba shi zai baka kaki ba. Da aka kira ƙanin yace babansu ne yace in bai shiga rukunin farko ba zai daina biya ya mayar da shi gona. Baba ya zaunar da shi ya faɗa masa a konkur na gaskiya wanda aka kama da wannan ba kora kawai bace magana ce ta kotu, shi da yayan duka, kuma ko ka tsallake rubutu akwai gwajin likita akwai gudu, in an kai ka Ngaundal wajen horon kurata yayanka ba zai ɗaukar maka jaka ba. An dakatar da shi sati biyu, Baba yace shi zai je ya ga uban da kansa.

Daga yanzu takardar zama za ta ɗauki hoton kowa, mun ce kowane yaro ya kawo hoto 4x4 guda biyu, kuma a sa hannu sau biyu, shiga da miƙa takarda, a gwada da sa hannun rajista.

Laraba 19 ga Maris

Tawada ta ƙare, cikawa 7,000. Rim biyu 7,000. Gam ɗin da muka saya ba ya riƙe kusurwa a wannan zafin, yana ɓarewa da kansa cikin akwati, mun koma sitefila uku a kan naɗin.

Asabar 22 ga Maris

Malamin lissafi, wanda ya fi kowa fushi a farko, shi ya kawo shawara yau: tunda tambayoyin da ba a zaɓa ba suna taruwa, a yi musu rumbu, kowace a kati ɗaya da darasinta da amsarta da ranar da aka taɓa amfani da ita da yadda yara suka ci ta. In rumbun ya kai ɗari uku ko huɗu a kowane darasi ba sai malami ya kawo sabo duk sati ba, Baba ya zaro kawai, kuma ko yaro ya samu rumbun duka in ya haddace ɗari huɗu ai ya yi karatun kenan. Na fara shigarwa, lissafi 86, Faransanci 54, Ingilishi 40, ilimin ƙasa 71.

Gardamar da ta taso ita ce ta tsoffin takardu. Madam na son a riƙa mayar wa yara takardunsu su ga kuskurensu, Baba na son a riƙe saboda rumbu. An tsaya a kan a raba a aji a yi gyara tare, mai ƙorafi ya rubuta a ranar, sannan a karɓe takardar tambaya a bar musu ta amsa. Ni na san za su ɗauki hoto ko an hana, shi ya sa duk tambayar da ta fito ina sa mata alama kar ta dawo sai bayan wata shida kuma da lambobi daban.

Asabar 5 ga Afrilu

An dawo daga hutun sallah, gwaji na biyar. An buga 66 an raba 61, uku ba su zo ba, biyar suka koma ambulan, biyu da suka lalace wajen bugu an ƙone jiya an rubuta. Lissafi ya daidaita a rajista. Babu alamar fita, jerin makin ya yi kama da abinda malamai ke gani a aji, gwanin lissafin nan ya dawo na ɗaya da 17 da rabi. Ɗan Goggo ya samu 9.75 a matsakaici, saura ƙiris, akwai gwaji ɗaya da ya rage masa.

Kuɗin da aikin ya ci zuwa yau, banda ladan mai gyaran waje, sefa 126,000 ne, fiye da rabi firinta ce. Abinda ke gaba: batir da inbata da za su iya ɗaukar firintar ko kuma mu nemi ƙarama mai tawadar ruwa ta ko-ta-kwana, an ce min ta biyun zai fi araha, zan tambayi farashi ranar Litinin. Takarda mai launi don iri na B. Kwaɗon Madam ya fara cijewa, a canza. Sai gwajin motsa jiki wanda har yanzu ba mu taɓa tsarinsa ba, a can agogo ɗaya ne a hannun mutum ɗaya kuma yana ganin fuskar kowa, Baba yace a samo agogo na biyu da lambobin ƙirji, mai riƙe agogo daban mai rubutawa daban. Telan unguwa yace lamba 70 zai ɗinka a kan 14,000, ban amsa masa ba tukuna.